Ba Giya Ce Ta Kashe Kawu Ba

Matar da ta ce Kawu mashayi ne ƙarya take yi. Na mare ta ranar da aka kai shi makwancinsa, a tsakar gidansa da ke Fagge, a gaban jama'a, kuma har yau ban ba ta haƙuri ba. Sau biyu ana turo mini dattawan unguwa. Na ce musu ta koma inda ta tsaya ta janye maganarta, sannan a zo a yi mini zancen haƙuri.

Maza sun fita da makara ke nan, ko kwanar layinmu ba su sha ba. Ina riƙe da buta zan kai wa Inna, matar Kawu, sai na ji wata maƙwabciyarmu ta karkata wajen ta kusa da ita tana cewa, "Ai ciwon hanta ne. Kin kuwa san waɗanda hanta take kamawa. Shekara nawa yana zaryar Sabon Gari duk Asabar?" Ɗayar ta ce, "Allah dai ya rufa asiri." Ban san lokacin da na saki butar ba. Marin ya kwance mata ɗankwali, ta faɗa kan kwanukan da aka jera. Mata suka yi caa a kaina, wata ta riƙe mini ƙugu, wata tana cewa in ji tsoron Allah, gawa ko kabari ba ta kai ba. Na ce saboda ba ta kai ba ɗin ne.

A kwana ukun nan na zaman makoki, kowa da irin mutuwar da ya ba Kawu. Gwaggo, ƙanwar Inna, tana kuka tana rantsuwa jifa ne, wani wanzami ne da ke baƙin cikinsa ya yi masa. Tsofaffin layi suka ce shawara ce ta ci ƙarfinsa. Yaya kuwa, babban ɗan Kawu, duk wanda ya miƙa masa hannu a soro sai ya ce, "Basir ne ya taso masa." Shi kaɗai ne a cikinsu ya san gaskiya yake faɗin wani abu daban. Ni na karanta takardar asibiti, kuma ya ce in na buɗe baki sai ya fasa mini shi. To, ga shi na buɗe, a rubuce ma. Ina da shekara talatin da takwas na fara riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci, ban kuwa koyi rubutu don in rubuta lissafin cefane ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ina da shekara shida ta rasu, cikinta a kumbure, idonta kamar an zuba masa kurkur, shi ya saɓa ni a kafaɗa ya kawo ni gidan nan. Mu Barebari ne. Kakan su Kawu ne ya taso daga Borno da zabirarsa a rataye, ya sauka Fagge, daga nan wanzanci ya bi gidan ɗa bayan uba. Kawu ne ya yi mini askin suna, shi ya cire mini beli, tsagen da ke fuskata ma aikinsa ne. In na yi rashin ji yakan kama haɓata ya juya fuskar yana cewa, "Dubi aiki tsaf, na ɓata shi a kan mai taurin kai."

Da hantsi a unguwar Bata yake zama, a bakin wata rumfa, goro a kunci. 'Yan kasuwar Kantin Kwari su zo aski, 'yan dakon kasuwar Singa su zo a kafa musu ƙaho a gadon baya. Askarsa guda ce yake ji da ita, ta kakansa, mai ƙotar ƙashi, bakinta ya sirance don washi. In ya gama da kan wani sai ya shafe ta a tafin hannunsa, sau biyu, ya goga ta a fata, ya ce na gaba ya matso. Duk wanda ya motsa sai ya sha ranƙwashi, ko Alhaji ne. "Hannuna ba ya rawa," in ji shi, "kanka ne ke rawa." Mutum ne mai zafin zuciya, ban zo in wanke shi ba. Ya taɓa jifan Yaya da dutsen washi saboda ya yanki kunnen wani yaro, tabon yana nan a goshin Yaya.

Amma zafin nan nasa ni ya yi wa rana. Watan da na shiga makaranta, maigidana ya dawo ya tarar da ni a kan littafi, tuwo bai sauka ba. Ya yaga littafin, ya bi ni da wayar rediyo har sai da hannuna ya tashi. Ban kai ƙara ba, Kawu ne ya ga hannun da na je gaishe shi. Ranar Juma'a maigidana ya je aski kamar yadda ya saba. Waɗanda ke wurin suka ba ni labari. Kawu ya jiƙa masa kai, ya aske rabi, sannan ya zagayo ya ɗora masa askar a maƙogwaro.

"Ka ji inda take?"

"Na ji, Kawu."

"Yau shekara arba'in ban taɓa kuskure ba. Amma tsufa ya fara zuwa. Ka ga in na tuna hannun yarinyar nan, sai in ji nawa yana so ya yi rawa."

Ya naɗe askarsa, ya ce aski ya ƙare. Haka maigidana ya tafi masallaci da rabin kai a ƙarƙashin hula. Washegari sabon littafi ya zo gidan, ba kuma a sake ɗaga mini hannu ba.

Zancen Sabon Gari kuwa, bari in faɗa wa masu bakin. Wata shekara da gari ya rikice, ina budurwa, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota da Kawu ke yi wa aski ya faɗo gidanmu da matarsa, rigarsa jina-jina. Inna ta tura su ɗakinta. Ba a jima ba samari suka cika ƙofar gida da gorori da adduna. Ta ramin ƙyaure na leƙa. Kawu yana tsaye a bakin soro shi kaɗai, aska a buɗe a hannunsa, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya da sunan ubanninsu. "Kai, ni na yi maka kaciya. Kai ma haka. Wanda ya fara tako soron nan zan ƙarasa abin da na rage." Wani ya jefe shi da dutse ya fasa masa gira, jini ya rufe masa ido ɗaya, bai matsa ba. Suka gaji suka wuce. Tun daga ranar, duk Asabar sai ya taka har shagon mutumin nan ya yi masa aski, su sha shayi, su yi ta musu a kan wanda ya fi wani tsufa. Shagon yana jikin gidan giya, wannan gaskiya ne. Abin da masu gulma suka gani ke nan. Da Kawu ya rasu, mutumin ya zo gaisuwa da sandarsa, ya zauna a kan tabarma cikin malamai yana kuka kamar yaro.

Bara da damina Kawu ya fara ramewa. Ya ce wani abu na tokare shi a dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ya daina cin nama, shi da ba ya wuce mai tsire. Aka dafa masa saiwoyi, aka yi rubutu ya sha. Ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura, ciki ya taso ya yi ƙyalli kamar na mai wata tara. Wata Laraba da rana na shigo gidan, tun daga soro na ji ƙaurin nama. Na ɗauka Inna ce ke babbaka. Na ɗaga labule na ga ƙarti biyu sun danne Kawu, an cusa masa tsumma a baki, Yaya ya zaro ƙarfe ja wur daga gawayi zai yi masa sakiya ta uku a ciki. Na yi ƙafa da kaskon wutar, garwashi ya watsu a ɗakin. Yaya ya yo kaina da ƙarfen.

"Ke mahaukaciyar ina ce? Ruwan zan fitar masa!"

"Ka taɓa shi ka gani. Wallahi sai na kira maka 'yan sanda, ɗansa ko ba ɗansa ba."

"'Yar boko! A, B, C ɗin da kika koya da furfura ce za ta koya mini aikin gidanmu?"

Na cire wa Kawu tsumman. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ku biyun nan, Allah ya shirye ku." A ranar na sa shi a adaidaita sahu muka tafi asibiti.

An ɗebi jini, an yi hoton ciki, aka ce mu dawo. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta fari shekaru ba. Ta ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya bazu, abin da ya rage sai rage masa raɗaɗi. Ni ma, Allah ya yafe mini, tambayar da na fara yi ke nan: ba masu shan giya yake kamawa ba? Ta ce giya na lalata hanta, amma ba ita ce a nan ba. Ta juyo mini da takardar ta nuna mini layi guda, na bi shi da yatsa na haɗa baƙaƙen da kaina. Wata ƙwayar cuta ce mai zama a jini, irin wadda suke kira ciwon hanta nau'in B. Ta ce tana iya shiga mutum tun ranar da aka haife shi, daga jinin uwa. Tana bin aska da allura da duk abin da ya huda wani ya zo ya huda ka, tana bin kwanciyar aure. Ba ta bin kwanon abinci ko gaisawa. Sai ta zauna shekara da shekaru mutum yana harkarsa lafiya lau, ita kuwa tana cin hanta a hankali, hantar tana warkewa da tabo, tabo a kan tabo, har wata rana wajen ya rikiɗe ya zama daji. Ba kowa take kaiwa nan ba. In an gano da wuri akwai maganin da ke danne ta, ana kuma duba hantar a kai a kai. Akwai allurar rigakafi, jariri ma tun ranar haihuwa ake so a yi masa.

Sannan ta tambaye ni, "A gidanku akwai wanda ya taɓa rasuwa da kumburin ciki?"

Na fara lissafa su a raina. Mahaifiyata. Mahaifiyarsu ita da Kawu. Ƙaninsu da ya rasu bai kai arba'in ba. Duk mun ce jifa ne, har akwai gidan da muka daina gaisawa da su shekara ashirin a kan haka.

Ta ce, "Sana'arsa fa?"

Na ce, "Wanzami ne."

Ta ajiye biro ta dube ni.

Kafin in bar asibitin na miƙa hannuna aka ɗebi nawa jinin. Ina da ita. Na kwaso 'ya'yana huɗu, biyu suna da ita. Ko a cikin mahaifiyata na samo, ko a bakin askar da ta yi mini tsage, babu likitan da zai iya faɗa mini. Na dai san waɗannan biyun ta hanyar gidanmu ta zo musu. Ranar na shiga banɗaki na yi ta dukan bango har fatar hannuna ta saluɓe. Yanzu ana duba mu, ni an ɗora ni a kan magani, sauran biyun an yi musu rigakafi.

Yaya ya ce kada a gaya wa Kawu. Na gaya masa. Mutumin da ya tsaya wa adduna ba za a rufe shi da ƙarya ba. Ina ba shi kunu a cokali na faɗa masa duka, yadda likita ta faɗa mini. Ya saurara har na gama.

"Aska kika ce?"

"Har da aska, Kawu."

"Tawa?"

"Kowace aska, in ta tashi daga kan wani ta hau kan wani."

Ya kaɗe kofin kunun ya bugi bango. Ya ce in fita, in kuma na sake tako masa ɗaki zai tsine mini. Kwana biyu ban je ba. A na uku Inna ta aiko. Na same shi an jingina shi da filo, zabira a kan cinyarsa, askar kakansa a hannu. Ya soka bakinta a tsagar ƙafar gado yana so ya karya ta, ƙarfin babu. Ta zame ta yanke shi a yatsa. Ya zauna yana kallon jinin yana ɗiga a zanin gado.

"Jarirai," ya ce. "Ke kin san jarirai nawa aka miƙo mini a Fagge? Uwa ta miƙo mini da hannunta, tana murna."

"Ba ka sani ba, Kawu."

"Yanzu na sani. Ki gaya wa wancan mai taurin kan, kowane kai da rezarsa. Wannan kuwa a binne ta."

Na gaya wa Yaya a gaban Inna. Ya ce zafin ciwo ne ke sa tsoho sambatu. Ya ɗauke zabirar ya kai ɗakinsa, dama tun da Kawu ya kwanta shi ke fita da ita.

Kawu ya cika ranar wata Litinin da hantsi. Ba mutuwar salin-alin ba ce, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Ya ce a tashe shi zaune, sai jini ya ɓalle ta baki, baƙi, guda-guda, ya cika kwano ya cika tasa, ya jiƙe ni har cinya. Inna tana salati tana faɗuwa. Na rungume kansa ina yi masa kalmar shahada a kunne, leɓensa yana bi, har ya daina. Ni na wanke ɗakin. Ban bar kowa ya taɓa jinin da hannu ba, leda na ɗaura har gwiwar hannu.

Allah ya jiƙan Kawu. Allah ya dubi soron da ya tsare da marainiyar da ya saɓa a kafaɗa, ya yafe masa abin da hannunsa ya yi bai sani ba. Mu da muka sani, Allah kada ya bar mu mu yi shiru.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu, na ji Yaya a tsakar gida yana wasa aska. Na san ƙarar, askar kakan Kawu ce. Na tambaye shi ina za shi da ita. Ya ce gobe akwai suna a Rijiyar Lemo, gidan da Kawu ya aske kakan ya aske uban, sun kuma roƙa a aske jaririn da askar marigayi don albarka.

Na ce, "Wasiyyar fa?"

"Ke kika ji ta."

"Ka je an gwada jininka?"

"Lafiyata ƙalau. Dube ni."

"Shi ma haka yake shekara saba'in. Yaya, kana ji ana ce wa ubanka mashayi a gidansa, ka san gaskiya, ka yi shiru."

Ya ajiye dutsen. Ya rage murya don kada Inna ta ji. "Gara su ce giya. Giya tsakaninsa da Ubangijinsa ce, wata biyu an manta. In suka ce aska fa? Wa zai sake miƙo mana kai? Wa zai auri 'ya'yanki, ke mai bakin? Gidan nan kaf za a ce gidan cuta ne."

Na tofa masa yawu a rigar makokinsa. Ya zabga mini fatar wasa aska a fuska, leɓena ya fashe. Na rarumi muciya na sauke masa a kafaɗa, na ɗaga zan ƙara, sai ga Inna ta fito daga ɗakin takaba ta shiga tsakaninmu, ta riƙe muciyar da hannu biyu. "Ku kashe ni tukuna," ta ce, "in ya so ku ci gaba." Yaya ya kwashe kayansa ya shige ɗaki ya danna kwaɗo. Inna ta dubi bakina, ta sa gefen mayafinta za ta goge mini. Na kauce, na ce kada ta taɓa jinina. Hannunta ya tsaya a sama. A nan ta gane abin da ban gaya mata ba.

Abin da Yaya ya faɗa a kan 'ya'yana ba ƙarya ba ne, na san garin nan. Na auna shi, na sake aunawa.

Washegari ina idar da sallar asuba na sa hijabi. Na biya Bata na jira mai kayan koli ya buɗe, na sayi askar nan ta zamani da ake zare mata reza a sa sabuwa, da kwalin reza guda ba a ɓare ba. Na isa Rijiyar Lemo ana raba goro. Na wuce maza na shiga ɗakin maijego, kakar jaririn tana zaune a bakin gado. Sun san ni, suka fara yi mini gaisuwar Kawu. Na ce su dakata. Na gaya musu abin da ya kashe shi da sunansa, na gaya musu yadda yake bin aska, na ce ni da ke tsaye a gabansu ina ɗauke da shi. Kakar ta ja zaninta ta matsa. Maijegon ba ta matsa ba. Na tambaye ta ko an yi wa yaron allura da aka haife shi, ta ce a gida ta haihu. Na ce ana gama aski za mu asibiti, ni zan raka ta.

Muna cikin haka aka yi sallama a soro, aka ce wanzami ya iso. Kakar ta miƙo hannu za ta karɓi jaririn. Maijegon ta dube ta, ta dubi leɓena da ya kumbura, sai ta miƙo mini shi.

Na fito da shi a kafaɗa. Yaya yana tsugune a kan tabarma ya buɗe zabira, uban jaririn da 'yan'uwansa sun kewaye shi. Ya ɗago ya gan ni. Na zauna a gabansa, na gyara wa yaron kwanciya a cinyata, na ajiye sabuwar askar da kwalin a tsakaninmu.

Na ce, "Yaya, ɓare ta a gabansu. In ka ƙi, ni zan gaya musu dalili."